Ciwon Sukari: In An Sake Maka Allura, Ka Ga Kana Ƙiba

An rubuta wannan takarda domin mai ciwon sukari wanda ke yin allurar insulin, da kuma mutanen gidansa. In ka iya karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba. Maigida ya tara iyalinsa su ji, musamman wadda ke dafa abinci, gama rabin maganan nan a hannunta ya ke.

Ya kan faru ka je asibiti karɓar magani, likita ya ce daga yau an sake maka allura. Ka koma gida da wata kwalba dabam. Bayan wata biyu ko uku sai ka ga wando ya matse ka, mace kuwa ta ga rigar da ta ɗinka da Salla ta ƙi shiga. Sai zuciya ta ce sabuwar alluran nan ce ta jawo. Waɗansu su kan rage ta da kansu, waɗansu su daina ɗungum, ba su gaya wa kowa ba. Wannan shi ne abin da mu ke tsoro, shi ya sa aka buga takardan nan.

Aikin insulin a jiki

Insulin wani ruwa ne da jikin kowane mai lafiya ke yi wa kansa, a cikin wata 'yar gaɓa mai tsawo da ke kwance bayan tumbi. Tuwo da fura da shinkafa da dankali, duk in sun narke a ciki sukari su ke zama, su shiga jini. Insulin shi ke kwashe sukarin daga jini ya kai shi cikin tsoka da hanta, a yi aiki da wani, a ajiye wani.

Ka ɗauka jini masussuka ne, jiki kuwa rumbu. Insulin shi ne mai ɗaukar hatsi ya zuba a rumbu. In babu shi, ko ya yi kaɗan, hatsi na nan tule a fili, rumbu kuwa wayam. Mai ciwon sukari ke nan: jininsa cike da abinci, shi kuwa yana ramewa.

A shekarar 1921 aka gano yadda za a tace insulin, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutane allurarsa a 1922. Kafin wannan lokaci, yaron da ciwon ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya.

Allura mai dogon aiki iri-iri ce

Akwai mai gajeren aiki wadda a ke yi saboda cin abinci, akwai kuma mai dogon aiki wadda ke riƙe da sukari dare da rana. Ta biyun nan mu ke magana.

Tsohuwar cikinsu ita ce mai hazo-hazo kamar tsala. Za ka ga an rubuta NPH a jikin kwalbarta, ko kuwa suna irin su Insulatard. Tun 1950 a ke sayar da irinta. Sai an murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu ta gauraya kafin a ja. Ƙarfinta ya kan taso sosai bayan awa huɗu zuwa goma, sa'an nan ya sauka, don haka mutane da yawa sau biyu su ke yinta a rana.

Sababbin kuwa garau su ke kamar ruwan sha. Lantus ta fito a shekarar 2000, tana aiki wajen awa 24 ba tare da tasowa da yawa ba. Levemir ta biyo baya a 2004. Tresiba ta fi su duka daɗewa a jiki, tana wuce awa 40.

Likita ba ya sake maka allura haka kawai. Watakila tsohuwar tana kā da sukarinka da tsakar dare. Watakila yana so ya rage maka huda daga biyu zuwa ɗaya. Wani lokaci kuma tsohuwar ce ta yanke a kanti, ko kuɗinta ya fi ƙarfinka. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a 2024 masu yin Levemir suka daina sayar da ita a Amurka, dole masu yinta a can suka koma wata.

Ina ƙibar ke fitowa?

Gaskiya ne insulin yana sa ƙarin nauyi, ba za mu ɓoye maka ba. Wanda ya fara allura ya kan ƙara kilo 2 zuwa 4 a shekarar farko. Amma kowane irin insulin haka ya ke yi. Likitoci sun auna mutane masu yawa, sun tarar masu yin Levemir ba su kai masu yin Lantus ko NPH ƙara nauyi ba, sai dai bambancin wajen kilo ɗaya ne kurum, watau bai kai nauyin kwanon gero guda ba. Saboda haka in ka ƙara kilo biyar ko shida bayan an sake maka, kada ka ɗora wa sunan kwalba laifi duka. A duba wani wuri.

Wuri na farko shi ne fitsari. In sukarin jini ya haura 180 a na'urar awo, ko 10 a irin na'urar da ke da ƙaramin lissafi, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Shi ya sa ka ke ganin tururuwa na taruwa a makewayi inda mai ciwon ya yi fitsari. Abincin da ka sha wahalar nomawa ke nan ya ke bin rariya. To, in sabuwar allura ta fi tsohuwa kama sukarinka, zubar nan sai ta tsaya. Tuwon da ka saba ci bai ƙaru ba, amma yanzu duk yana zama a jiki. Rumbu ya daina yoyo, dole ya cika. In dā ka rame ne, kilo biyu ko ukun nan naka ne da ciwo ya ƙwace, ya dawo maka. Ka gode wa Allah, kada ka ji tsoro.

Wuri na biyu shi ne cin tsoro. Duk wanda sukarinsa ya taɓa faɗuwa da dare, ya farka jiƙe da gumi, jiki na rawa, zuciya na bugawa, ba ya mantawa. Daga ranar sai ya riƙa dama fura da sukari kafin ya kwanta, ya sa dabino a aljihu yana ci ko ba ya jin komi. Matarsa ma don tausayi ta ƙara masa malmala. Ba mu ga laifinsu ba, amma wannan ma yana kawo ƙiba. Sababbin allurai masu garau sun fi tsohuwar sauƙin faɗuwar dare, sai dai mutum ya kan ci gaba da furar da ya saba sha saboda tsohuwar, alhali bukatarta ta wuce. Ka tambayi likita ko har yanzu kana bukatar cin wani abu kafin barci.

Wuri na uku shi ne awon allurar kansa. In ya fi abin da jikinka ke bukata, za ka riƙa jin yunwa kullum, ka ci don ka tare allura, ka yi ƙiba, ƙibar kuma ta sa a ƙara maka awo. Shi ya sa wanda ke yin NPH sau biyu a rana, in za a mai da shi Lantus sau ɗaya, likita ya kan haɗa awon safe da na yamma ya cire kashi ɗaya cikin biyar. Misali, mai yin 30 a rana ya fara da 24. Wannan lissafin likita ne, ba naka ba. Mun kawo shi ne don ka gane ba tilas ne lambar dā ta zama lambar yanzu ba.

Ka kuma tuna da lokacin da aka sake maka. Manomin da aka sake wa allura da kaka, ya gama aikin gona ya zauna gindin bishiya har bazara, ga sabon hatsi, ga bukukuwa, ko ba a taɓa allurarsa ba zai yi jiki.

Kada ka daina, kada ka rage da kanka

Wanda ya daina allura lalle zai rame, amma ramar ciwo ce. Jiki ne ke cin kansa. Yaro ko saurayi ko budurwa wanda jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan, in ya daina, jininsa ya kan yi tsami, yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Alamunsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da magagi. In kun ga haka ku nemi mota ko babur nan take, kada ku jira gari ya waye. Babban mutum kuwa wanda ke rage allura a ɓoye, ɓarnar a hankali ta ke zuwa masa: ido ya dushe, ƙoda ta gaji, ƙafa ta mutu har ƙaya ta soke shi bai ji ba, gyambo ya ƙi warkewa.

Iyaye, ku lura da 'yan matanku. Yarinya tana jin kunyar a ce ta yi ƙiba, ba kuwa za ta faɗa muku ta rage allura ba. In kun ga kwalba tana daɗewa fiye da yadda ta saba, yarinya kuwa tana zubewa, ku tambaye ta da lalama, ku raka ta asibiti. Faɗa ba ya gyara wannan.

Kada kuma ka sayi maganin rage ƙiba na kasuwa, ko na 'yan talla a mota. Yawancinsu zawo ko fitsari su ke sawa, su tsotse ruwan jikin da ciwonka ya riga ya tsotsa.

Abin da za ka yi

Ranar da aka sake maka allura ka hau sikelin asibiti, a rubuta maka nauyinka a kati. Ka sake hawa sikelin nan dai kowane wata. A gida kuma ka sami igiya, a auna tsawonka daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, a yanke, a ninka biyu. In ninkin ya zagaye cikinka daidai saman cibiya, madalla. In bai kai ba, teɓa ta yi yawa. Mun san a ƙauye a kan ce wane ya yi jiki, ya sami hutu. Amma kitsen ciki yana dakushe insulin, yana kuma taimakon hawan jini.

A mako biyu na farko ka auna sukari kowace safiya kafin ka ci komi, in kana da na'ura. In babu, ka je ɗakin shan magani mafi kusa. Ka rubuta lambar. In ba ka iya rubutu ba, ɗan makaranta ya rubuta maka. In ka ji rawar jiki da gumi da yunwa farat ɗaya, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, watau 4 a ƙaramin lissafi, ka dama sukari cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa ka sha, ko ka lashi zuma babban cokali ɗaya. Ka jira minti 15. In bai sake ka ba, ka ƙara irin wannan. In lokacin abinci da saura, ka ci ɗan abu kaɗan. Ba sai ka share kwano ba. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komi a baki. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a kai shi asibiti. In faɗuwar ta zo maka sau biyu a mako, awon ya yi yawa, ka koma wurin likita ya rage.

Wajen abinci ba a ce ka bar tuwo ba. Ka rage malmala, a yawaita miya. Kuka, kuɓewa, yakuwa, rama, zogale, alayyahu, duk ka ci ka ƙoshi. Wake abincinka ne. Uwargida ta sassauta hannu wajen zuba mai, gama cokalin mai ya fi cokalin gari sa ƙiba nesa ba kusa ba. Koko da fura da shayi a sha ba sukari, lemon kwalba kuwa a bar shi sai ranar da sukari ya faɗi. In za ka rage abinci sosai, ka fara gaya wa likita, domin a rage allura tare.

Da rani ka yi tafiyar ƙafa ta rabin awa, aƙalla kwana biyar a mako. Ka bar babur ka taka zuwa kasuwa ko masallacin Jumma'a. Matar da ba ta fita, daka da shara da zagayen tsakar gida suna yi mata. Da damina kuwa, in noma ya yi zafi, bukatar allura ta kan ragu, sai ka sa sukari a aljihu in za ka gona.

Ƙiba dabam, kumburi dabam. In nauyi ya ƙaru kilo biyu cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta kumbura har ka danna da yatsa wurin ya lotsa, ko numfashi yana yi maka wuya in ka kwanta, wannan ruwa ne, ba kitse ba. Wani lokaci allurar ce ke sa shi na ɗan lokaci, wani lokaci zuciya ce ko ƙoda. Likita ne zai rarrabe, ka je a ranar.

In wata uku ya yi nauyi bai daina hawa ba, ka koma asibiti da katinka da takardar da ka ke rubuta awon safe. Ga mai ciwon da ya same shi da girma, akwai ƙwayar metformin wadda a kan haɗa da allura ta rage ƙarin nauyi, in ƙodarsa lafiya ta ke. Ka tafi da tsohuwar kwalba da sabuwa da sirinjinka, malamin asibiti ya duba ko lambar da ke jikin sirinji ta yi daidai da ta kwalba, gama akwai mai 40, akwai mai 100. Ka kuma nuna masa inda ka ke huda, ya shafa ya ji ko wurin ya yi ƙullutu.