Harrods da Teguidda-n-Tessoumt: Yadda Rubutu Ke Ruɗin Mai Furuci

Harrods kanti ne na kayan alfarma da ke unguwar Knightsbridge a birnin Landan. Charles Henry Harrod ya kafa shi a wannan wuri a 1849, kuma tun 2010 yana hannun masu zuba jari na ƙasar Ƙatar. Sunan yana yawan fitowa a labarai, saboda haka ɗalibin harshe da mai karanta labarai a rediyo ba su da makawa sai sun furta shi. Bahaushe da ya ga rubutun yakan ce “Har-rods”, wanda ya yi karatu da Faransanci kuma ya ce “Arods”. Mutanen Landan ba sa faɗin ko ɗaya, /ˈhærədz/ suke cewa. Dalilin saɓanin shi ne kowane mai karatu yana ɗora wa haruffa ƙa'idar harshen da ya fara koyon rubutu da shi.

Matsala ta farko tana ga “rr”. A Hausa, baƙi biyu a jere suna nuna baƙi mai ƙarfi, kuma hakan yana sauya ma'ana, kamar a “daba” da “dabba”, ko “mana” da “manna”. A Ingilishi kuwa maimaita baƙi a cikin kalma guda al'adar rubutu ce da ke nuna cewa wasalin da ya gabata gajere ne. Don haka /r/ ɗaya ce a Harrods. Ita ɗin ma ba ra-gare ba ce, ba ra-kaɗe ba ce: tsinin harshe yana kusantar hanƙa ne ba tare da ya taɓa ta ba.

Ta biyu tana ga wasula. Ƙarfin furuci yana kan gaɓar farko, wadda wasalinta /æ/ yake tsakanin “a” da “e” na Hausa. Gaɓa ta biyu ba ta da ƙarfi, shi ya sa “o” ɗinta ya raunana ya koma /ə/, wato wasalin tsakiya da Ingilishi ke yawan sakawa a gaɓoɓi marasa ƙarfi. Mai jin Faransanci yakan ƙara kuskure biyu: ya yar da /h/, domin ba a furta ta a Faransanci, sannan ya kai ƙarfin furucin gaɓar ƙarshe.

Ta uku tana ga harafin ƙarshe. Wannan “s” ɗafa-ƙeyar mallaka ce, domin ma'anar sunan ita ce “kantin Harrod”, ko da yake an daina rubuta alamar da ke raba ta da sunan. Furucinta yana bin ƙa'idar naso. Bayan baƙi mai ziza irin /d/ takan zama /z/, kamar a Harrods. Bayan baƙi marar ziza takan zauna /s/, kamar a Boots, kantin magunguna da ya samo suna daga John Boot. Bayan sautuka irin /s/ da /dʒ/ kuma sai a saƙala wasali ta zama /ɪz/, kamar a Selfridges, kantin da Harry Gordon Selfridge ya buɗe a titin Oxford a 1909.

Ana iya ganin wannan ruɗi ta fuskarsa ta biyu idan aka dubi wani suna na gida. Arewa da Ingal, a jihar Agadas ta Nijar, akwai ƙauyen da taswira ke rubutawa Teguidda-n-Tessoumt. Ya shahara da gishiri: ana jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiyoyi, a tace, a zuba a ƙananan kududdufai har rana ta busar, sannan a kai shi kasuwa, yawanci domin dabbobi. Mazaunansa suna magana da Tasawak, harshe ne na dangin Songai na arewa wanda ya ari kalmomi masu yawa daga Tamajak, amma sunan garin na Tamajak ne.

Faransawa ne suka rubuta sunan da ƙa'idarsu. A wurinsu “gu” kafin “i” hanya ce ta rubuta /g/, “ou” kuma /u/ ce, sannan “ss” tana hana a karanta “s” a matsayin /z/ tsakanin wasula. Bahaushen Kano da bai san haka ba sai ya ce “Teguwidda”, ya ƙara gaɓar da babu ita. Baturen Ingila kuma sai ya sassauta “dd” kamar yadda ya saba, alhali a nan baƙin mai ƙarfi ne na gaske, irin na “dabba”. Ashe alama guda, wato maimaita baƙi, tana aiki biyu mabambanta a sunayen nan: a Harrods ba a furta ta, a Teguidda ana furtawa.

Ginin sunayen ma ya yi kama. Kalmar “tegidda” tana nufin wurin da ruwa ke taruwa ko ɓuɓɓugowa, “tesəmt” gishiri, “n” da ke tsakiya kuma harafin mallaka ne, kamar -n na “gidan sarki”. Ana ganinsa a maƙwabtan garin, Teguidda-n-Adrar da Teguidda-n-Tagait. Wani abin lura shi ne Tamajak tana da wasalin /ə/, kuma tana yarda kalma ta ƙare da baƙaƙe biyu, kamar “mt”. Saboda haka Buzun da ke fataucin gishiri, ko bai taɓa shiga aji ba, bakinsa ya fi na Bahaushe shirin furta gaɓar /rədz/.

Bahaushe yana shan wahala a nan ne domin gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Cunkoson baƙaƙe ba shi da gurbi, shi ya sa ake saƙala wasali a kalmomin aro irin su “burodi”, “banki” da “sukudireba”. Ita kanta kalmar “kanti” aro ce daga Ingilishi, kuma haka ƴan kasuwar Kano suka mai da kamfanin John Holt “Janhol”. Wannan ba kuskure ba ne, tsarin sautin harshe ne yake aikinsa.

Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya rarrabe muhalli. Idan Hausa yake yi, yana da damar Hausantar da suna, kamar yadda aka yi wa Landan da Agadas. Idan Ingilishi yake yi, ko yana rubuta sauti a jarrabawa, to /ˈhærədz/ ne. A kowane hali, kafin ya furta baƙon suna, ya fara tambayar wane harshe ne ya rubuta shi, sannan ya saurari yadda masu sunan ke faɗinsa.