Haƙƙin Zango a Kan Matafiyi

Tun daga watan Agusta na 2023, lokacin da kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, babu kukan da ya yawaita a bakin ƴan kasuwa da ɗalibanmu masu fita ƙetare kamar na dogon jira a filayen jiragen sama na Kasabalanka da Istambul da Adis Ababa, har wani alhaji da muka zauna da shi a kasuwar Cadakori ya rantse mini cewa awa goma sha huɗu ya kwashe a kan kujerar ƙarfe, ya yi matashi da jakarsa, bai ga komai na ƙasar Maroko ba face fitilu da daɓen ƙasa. Jama'a sun ɗauki abin musiba tsantsa. Ni kuwa ina ganin an jahilci mas'alar, domin wannan da ake kira jira shi ne kakanninmu suka sani da sunan zango, kuma ba su taɓa lissafa shi cikin hasara ba.

Sharuɗɗan fita gari daga filin jirgi ba su da yawa. Mutum ya tambayi batun biza tun kafin ya sayi tikiti, ya tabbata tsakanin jiragensa biyu akwai kamar awa takwas, ya koma da saura uku. Kamfanin Turkish Airlines ma yakan zagaya Istambul da masu jira kyauta, Ethiopian kuma yakan ba da masauki. Wanda ya tambaya ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne mantuwa. Ita kanta shari'a ta san da mai zango, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana nan kan ƙasaru matuƙar bai ƙulla niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, wato an sauƙaƙa masa salla yana tsakiyar birnin wasu. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun sauka a Salaga da Kumasi don hutun kwanaki, sai ga shi har gobe unguwannin Musulmi a Gana Zango ake ce musu. Alhazan ƙafa kuwa, waɗanda suka bi ta Fort Lami da Fashir da Umdurman zuwa Sawakin, sukan shekara a hanya suna noma da ɗinki da karantarwa, kuma Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, zangonsa a bakin kogin Nilu ne ya zama garin da ke ɗauke da sunansa a Sudan. Sannan ga Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin hisabi da hatimi, wanda ya sauka Alƙahira a kan hanyarsa ta dawowa daga Hijaz, ya zama baƙon Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, ya zauna malamai suna ɗauka daga gare shi har ya rasu a can a 1741. Mu mutanen Gobir da Katsinar Maraɗi, da muke tunƙaho da wannan nasaba, ɗalibai nawa ne cikinmu suka taɓa jin sunansa a aji?

Na gwada abin da kaina, ni kaɗai, a wani zango na awa goma sha ɗaya a Kasabalanka, wadda Larabawa ke kira Darul Baida. Jirgin ƙasa na shiga daga ƙarƙashin filin jirgin Muhammadu na Biyar, cikin ƙasa da awa guda ina tsakiyar gari. Wani mai jar tasi ya gane baƙo ne, ya ƙi kunna na'urar lissafi, ya karɓi ninkin kuɗin. Na yafe masa, kuɗin makaranta ne. A unguwar Habus, inda kantunan littattafai suke a jere ƙarƙashin bakuna, na buɗe wani Alƙur'ani sai na ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama, daidai da yadda malaminmu ya rubuta mini a allo ina yaro. Da magariba ta yi na isa masallacin Hasan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993, sashensa yana bisa ruwan teku, kuma bayan an sallame sai mutane suka yi da'ira suna karanta izu da murya ɗaya a ruwayar Warshu. Ban san lokacin da bakina ya bi su ba. Wani dattijo da ke gefena ya matsa, ya miƙo mini gefen mus'hafinsa, ya tambaye ni ƙasata. Da na ce Nijar, sai ya ce ko Fas na nufa, ziyarar Shehu Tijjani.

To, ina masu sayar da tikiti a Maraɗi, da hukumomin da ke shirya alhazai da ɗalibai? Me zai hana su buga ƴar takarda guda, da boko da ajami, mai bayanin jirgin ƙasa da canjin kuɗi da lokacin komawa, maimakon gargaɗin kada kowa ya motsa daga kujerarsa? Da na ba alhajin nan wannan labari, shiru ya yi, sa'an nan ya tambaye ni dirhami nawa ne kuɗin jirgin ƙasan.