Madubin Da Ake Duba Bakin Mahaifa Da Shi: Yaya Gaskiyarsa Take?

Sau da yawa mace takan je asibiti a yi mata gwajin bakin mahaifa, bayan 'yan makonni a ce ta dawo za a sa mata madubi. Daga nan barci ya ƙaurace wa gidan, har dangi su fara zuwa gaisuwa kamar an yi rashi. Wata kuwa an duba ta da madubin an ce ba a ga kome ba, sai ta ɗauka ta gama da asibiti har abada. Dukansu biyu ba su gane aikin wannan madubi ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da yake iya gani, da kuma inda idonsa yake kasawa.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da jariri yake bi ya fito. Ciwon daji na wannan wuri ba ya faɗo wa mace dare ɗaya. Kusan kullum asalinsa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwar namiji da mace. Yawancin mata jikinsu yakan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. A wurin waɗansu kuwa takan zauna, tana sāke fatar wurin a hankali. Daga farkon wannan sākewa zuwa ainihin ciwon daji yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, amma ga mace mai ƙanjamau da ba ta shan magani zai iya zama shekara 5 zuwa 10 kawai. Duk tsawon wannan lokaci ba ciwo, ba jini, ba wari. Likitoci sun kasa sākewar kashi uku, suna ce da su CIN 1, CIN 2 da CIN 3. Na ɗaya yawanci yakan warke da kansa. Na biyu da na uku su ne ake nema ruwa a jallo, gama idan aka kawar da su tun suna bisa fata, an tare hanyar ciwon.

Sunan madubin kolposkof. Wani likita Bajamushe, Hans Hinselmann, shi ya ƙago shi a 1925. Tabarau ne mai ido biyu da fitila mai ƙarfi, yana tsaye a kan ƙafarsa. Ba ya shiga jikin mace, yana waje kamar taƙi ɗaya daga gare ta, yana girmama wurin sau shida har zuwa sau arba'in. Likita yakan shafa ruwan tsami marar ƙarfi, irin wanda ake kira khal, ya jira kamar minti ɗaya. Inda fata ta sāke yakan yi fari. Wani lokaci yakan ƙara shafa ruwan aidin: lafiyayyar fata ta yi baƙi-baƙi, marar lafiya ta ƙi karɓa ta zauna rawaya. Yana kuma duban gefen farin, ko kaifi ne ko ya baje, da yadda ƙananan jijiyoyin jini suka kwanta. Aikin duka bai cika wuce minti 20 ba.

To, yanzu ga tambayar. Abin da likita ya gani ta madubin nan, za a dogara da shi?

Wajen gano cewa akwai wani abu, madubin yana da ido ƙwarai. Wajen faɗin ko mene ne abin, nan ne yake tuntuɓe. A 1998 waɗansu masana a Amurka suka haɗa bincike da dama da aka yi a kan wannan. Suka tarar cikin mata 100 da fatarsu ta sāke da gaske, madubin yakan nuna wajen 96. Amma cikin mata 100 masu lafiya da aka turo a duba, wajen rabinsu ma yakan nuna musu wani abu. Dalili kuwa shi ne ba mugun abu kaɗai ke yin fari ba. Sabuwar fata mai tasowa takan yi fari, haka wurin da ke warkewa bayan haihuwa, haka ciwon sanyi. A ƙauyukanmu na bakin rafi da madatsar ruwa akwai kuma tsargiya. Mutane sun san ta da fitsarin jini ga yara maza, ba su san ƙwanta yakan maƙale a bakin mahaifar mace ya bar tabo kamar yashi, yana zub da jini in an taɓa, har ya ruɗe mai dubawa ba. Macen da ta tashi tana wanki da wanka a rafi, ta faɗa wa likita haka tun kafin ya fara.

Shi ya sa madubi ba shi ne alƙali ba. Aikinsa shi ne ya nuna wa likita inda zai tsinko ɗan nama, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, a aika ɗakin gwaji. Abin da aka gani a can shi ne hukunci.

A nan ma akwai magana. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Mai wayo ba ya soka wuri ɗaya, domin ana iya zuba mai kyau a sama, ƙwari da tsakuwa suna ƙasa. Haka yake da bakin mahaifa. Wurin da ya fi muni ga ido ba lalle shi ne ya fi muni a ciki ba. A wani bincike da aka yi da mata 690 a Oklahoma ta Amurka, aka buga a 2015, tsinka wuri ɗaya ya kama kashi 61 cikin 100 na munanan sāke-sāken. Wuri biyu ya kama kashi 86, wuri uku kuwa kashi 96. Ku lura da wannan: da likita ya tsaya a tsinka ɗaya, mata huɗu cikin goma da sun koma gida da takardar lafiya alhali abin yana nan. Don haka ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ba da shawara a 2017 a riƙa tsinka wuri biyu zuwa huɗu inda aka ga fari. Mu dai a ganinmu, macen da ta sayar da akuya ta biya mota zuwa birni, gara ta daure da tsinka uku a yini ɗaya da a sallame ta da rabin amsa. Zafin kamar na mintsini ne, da ɗan jini na kwana biyu ko uku.

Shekarun mace su ma suna da nasu. Sākewar takan fara ne a kan iyakar da fatar waje ta gamu da fatar ciki. Ga mace mai haihuwa iyakar tana fili. Bayan al'ada ta ɗauke takan ja da baya ta shige cikin ƙofa, inda fitila ba ta kaiwa. Likita mai gaskiya zai rubuta cewa bai ga iyakar duka ba, ya kankaro kaɗan daga ciki a gwada. Saboda haka iyayenmu mata, in an ce muku ba a ga kome ba, ku tambaya: "Likita, ka ga wurin duka?" Ba rashin kunya ba ne. Ga mai ciki ana iya sa madubin ba tare da lahani ba, amma ba a kankarar ciki.

Sauran kuma hannun mai aiki ne. Likitoci biyu sukan dubi wuri ɗaya su saɓa, wanda yake yi kullum ya fi wanda yake yi jifa-jifa.

Kada a haɗa wannan da dubawar da ungozoma ke yi a ƙaramin asibiti da ruwan tsami da ido kawai. Wancan tankaɗe ne na farko, yana da amfani inda ba na'ura, amma kuskurensa ya fi yawa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta, daga shekara 30, ga mai ƙanjamau kuwa daga shekara 25. Wadda gwajin ya nuna tana ɗauke da ita, ita ce za a ƙara dubawa. A lissafin 2020, mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu, yawancinsu ba a taɓa duba su ba sai da jini ya ƙi tsayawa. A watan Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Allurar ta 'ya'ya ce, ba ta warkar da uwar da ta riga ta ɗauka.

Wadda aka ba ta rana, kada ta zaɓi lokacin da jinin al'ada ya yi yawa. Kwana biyu kafin ranar ta bar saduwa da maigida, kada kuma ta cusa magani ko wani haɗi na gargajiya, gama duk waɗannan suna ɓata gani. Maigida, kuɗin mota na zuwa biyu ne za ka tanada, na dubawa da na karɓo sakamako, domin takardar ɗakin gwaji takan ɗauki makonni. In ta nuna CIN 2 ko CIN 3, ana ƙone wurin da zafi ko da sanyi, ko a yanke shi da 'yar waya mai lantarki, mace ta koma gida a ranar. In ta nuna CIN 1 ko ba kome, za a sa mata ranar dawowa, yawanci bayan shekara ɗaya. A rubuta ranar a bayan katin asibiti, a ajiye katin inda ake ajiye na awon yara.