Hitilar da ke kwaikwayon hitowar rana

Zakara ba shi da agogo, amma ba ya makara. To, mutum ma yana da agogo cikin ƙwaƙwalwarsa. Haske ne ke daidaita shi kullum.

In dare ya yi, jiki na hidda wani sinadari mai suna melatonin. Shi ke gaya ma jiki lokacin kwana ya yi. In gari ya waye, haske ya shiga ido, sai sinadarin ya ragu, mutum ya tashi. A shekarar 2017, masana 3 na Amurka sun samu kyautar Nobel don sun bayyana yadda agogon jiki ke aiki.

A arewacin Turai, dare na da tsawo ƙwarai lokacin ɗari. A Istokolm, babban birnin Suwed, yinin ƙarshen Disamba wajen awa 6 ne kawai. Ma'aikata da ƴan lakwal suna tashi cikin duhu. Wasu sai kasala da baƙin ciki su kama su. A 1984, likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wannan ciwon.

Shi ya sa aka ƙera wata hitila ta lantarki mai agogo. Ana aje ta kusa da gado. Misali, mutum na son tashi ƙarhe 6. Tun ƙarhe 5 da rabi, hitilar za ta kama da ɗan jan haske, kamar na alfijir. Sannu-sannu hasken na ƙaruwa, har ɗaki ya haskaka. Ko ido na ruhe, haske kaɗan na ratsa shi. Sai mutum ya tashi ba tare da razana ba.

Amma hitilar ba ta biyan bashin kwana. Wanda ya raba dare yana hira, da gajiya zai tashi.

Mu nan Nijar, yini bai cika kasa awa 11 ba. Abin da wasu ke saye da kuɗi, mu kyauta muke samu. Sai mu kiyaye abu 3:

1. A kwanta, a tashi, lokaci guda kullum.
2. Da sahe a buɗe taga, a hita cikin haske.
3. Da dare a rage hitila, a aje salula.

Direban da bai ƙoshi da kwana ba hatsari ne bisa hanya. Yaro kuma sai gyangyaɗi cikin aji. Wanda rashin kwana ya daɗe yana damunsa, ya je ya ga likita. Lahiya uwar jiki!