Tasirin gashi a kan sake gina nono bayan tiyatar kansa

Sake gina nono tiyata ce da ake yi wa macen da aka cire wa nono saboda kansar mama, wato sankara, domin a dawo mata da siffar ƙirjinta. Gashi kuwa magani ne da ake haska wa wurin ciwon haske mai ƙarfi da na'ura, don a kashe ƙwayoyin kansar da suka rage. Gashin yana rage dawowar cutar, amma yana iya ɓata nonon da aka gina.

Dalilin yin gashi

Likitoci kan ba da gashi idan ƙarin ya wuce santimita 5, ko cutar ta kai ga kaluluwar hamata. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2014, a kan mata 8,135, ya nuna cewa gashi bayan cire nono ya rage dawowar cutar da mace-mace ga waɗanda ta kama musu kaluluwa. Yawanci ana yin sa sau 25 cikin mako 5, ko sau 15 cikin mako 3.

Hanyoyin gina nono

Hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce sanya robar silikon a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Ta biyu ita ce ɗebo fata da kitse daga marar matar ko bayanta, a gina nonon da su.

Illolin gashi

Gashi yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, yana sa fata ta yi tauri ta ƙanƙance, rauni kuma ya jinkirta warkewa. Idan roba ce, tabon da jiki ke yi kewaye da ita yakan yi kauri ya matse ta, nonon ya sandare, ya karkace, ya riƙa ciwo. Wani lokaci wurin yakan yi ruwa har a cire robar. Naman jikin matar ya fi jure gashi, ko da yake shi ma yana iya tsukewa.

Wani bincike a kan mata 2,247 a Amurka da Kanada, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa cikin shekara biyu aikin ya lalace ga kashi 18.7 cikin ɗari na masu roba da aka yi wa gashi. Ga waɗanda aka gina musu da naman jikinsu kuwa, kashi 1 ne kacal.

A arewacin Najeriya

Mata da yawa a Najeriya ba sa zuwa asibiti sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, don haka galibinsu suna buƙatar gashi. Ga matan Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari da na Bodinga, cibiyar gashi mafi kusa tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Akwai wata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Shika, kusa da Zariya.

Tsoron rasa nono yana cikin abubuwan da ke hana wasu matan amincewa da tiyata. Shi ya sa ake so likitan tiyata da likitan gashi su zauna da mai ciwon tun kafin a yi aiki. Idan an san za a yi gashi, sau da yawa ana ɗage ginin nonon zuwa wata 6 ko shekara ɗaya bayan an kammala. Ba a fasa gashi don kare siffar nono, domin maganin kansar ne a kan gaba.