Ƴaƴan gawo da ganyen zogala: miyar abincin bisashe

Ya kai manomi, ya ke mai turka rago a bayan ɗaki, wannan bayani naku ne.

A nan Falanko, da sauran ƙasar Damargu daga Tanut har Belbeji, kowa ya san wahalar bazara. Daga watan Maris haki ya bushe, ƙarangiya ta zama kamar tsinke. Bisa tana cika ciki da kara, amma kullum ramewa take yi. In ruwa ya yi jinkiri, sai ta kasa tashi. Waɗanda suka ga 1984 da 2010 ba su manta ba.

Me ya sa kara kaɗai ba ya isa?

A cikin tumbin saniya, da tunkiya, da akuya, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narka kara. Su ma suna bukatar abin gina jiki, wanda ake kira furotin. In furotin bai kai kamar kashi 7 cikin 100 na abinci ba, aikinsu sai ya yi sanyi. To, busasshen karan hatsi bai cika wuce kashi 5 ba. Ke nan kara tuwo ne, sai da miya.

Ina za ka samu miyar?

Ƴaƴan gawo suna da furotin kashi 10 ko fiye. Suna zuba da rani, daidai lokacin da ake nemansu. Ƴaƴan kandili da na kalgo su ma suna da amfani. Ka tara su, ka shanya, ka ajiye a rumbu. Kafin ka ba bisa, ka daka su, don ƙwayar da ba a fasa ba takan fita cikin kashi yadda ta shiga. Ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana haɗa dunƙulen abincin bisashe da niƙaƙƙen kara, da dussa, da gishiri, da ƴaƴan gawo.

Busasshen ganyen zogala ya fi su duka ƙarfi, yana da wajen kashi 25. In akwai garka kusa da rijiya, ka shuka zogala a gefe. Ka shanya ganyen a inuwa, kada rana ta ƙona shi.

Yaya za ka ba su?

Rago babba, giram 200 zuwa 300 na dakakken gawo sun ishe shi a yini, tare da dussa, da harawa, da kara. Ka auna sau ɗaya a sikelin kanti, ka yi wa gwangwani alama. Ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa har mako guda ko biyu, don tumbi ya saba. Kada ka manta da ruwa mai tsabta da gishirin lasa.

Bagaruwa fa?

Ƴaƴan bagaruwa suna da bauri. Wannan baurin ne majema ke jima da shi. An gwada an ga bauri yana rage tsutsar ciki ga tumaki da awaki. Amma in ya yi yawa yana ɗaure furotin, bisa ta ci ba ta amfana ba, har ta ƙi abinci. Saboda haka ɗan kaɗan ake barbaɗawa cikin dussa. Haka ɓawon maɗaci da ake jiƙa wa bisashe: ƙarfinsa ya kan bambanta daga icce zuwa icce. Kada ka ɗura wa bisa mai ciki ko ƙarami sai ka yi shawara da malamin dabbobi.

Ka tsare bisashenka daga ƴaƴan zurma, da ruwan tumfafiya, da gyauron dawa. Waɗannan guba ne.

Me nama zai samu?

Ragon da ya samu furotin yana aza tsoka a cinya da gadon baya, ba ƙaton ciki kawai ba. Mahauci yana taɓa bayansa ya san haka, kuma nan kuɗi suke. A jami'ar Fort Hare ta Afirka ta Kudu, an yi gwaji da taure, ana ba kowanne giram 200 na busasshen ganyen zogala a yini. Sun fi waɗanda aka ba haki kaɗai nauyi, kuma kitsen namansu bai yi saurin gumi ba. Wannan abu ne mai amfani ga mai kilishi da mai soya naman layya don ajiya.

Masu saye ma suna ƙara lura da abin da bisa ta ci. Tun 2006 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana zuba maganin kashe ƙwayar cuta cikin abincin dabbobi don su yi saurin ƙiba. Kai ma, in an yi wa ragonka allurar magani, ka tambayi kwana nawa za a jira kafin a yanka shi ko a sha nonon uwarsa.

Abin da ganye ba ya yi

Ganye ba ya hana ciwon huhu na shanu. Ba ya hana annobar nan mai sa awaki da tumaki zawo da majina. Sai lamba. Da lamba ne aka kawar da bushiya daga duniya, aka yi shelar haka a 2011. In ma'aikatan dabbobi sun zo gari, ka kai bisashenka duka, kada ka ɓoye ko ɗaya.

A ƙarshe, in ka tarar da ɗan gawo ya tsiro a gonarka, kada ka sare shi. Ka kafa masa icce alama, ka yi masa sassaƙa. Taki ne ga hatsinka, abinci ne ga bisashen ƴaƴanka.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.