Baƙin Salatif Da Wayoyin Mota: A Duba Kafin A Kama Hanyar Gida

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Ikko ko Badun da motarsa zai tafi gida hutun Salla, ya san yadda zuciya kan kwanta in an haye gadar Lokoja, aka wuce Abaji, aka doshi Gwagwalada. A nan mutum kan ce ai an iso Arewa. To, amma motar da ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 ba hutawa, a daidai nan ne kuma ɓoyayyen aibinta kan fito. Sai a ji wani wari kamar ana ƙona roba, fitila ta ɗauke, in abin ya zo da tsautsayi a ga hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin bonet. Sau da yawa in an bincika, ba inji ba ne, ba giya ba ce. Wata 'yar waya ce da aka haɗa tun a Kudu, aka naɗe ta da salatif mai araha, zafi ya narkar da gam ɗinsa ya warware.

Irin waɗannan motoci akan ja su zuwa Zuba, ko kuwa a shiga da su cikin Abuja, unguwar makanikai ta Apo, inda masu gyaran inji da masu wayarin da 'yan sayar da kayan gyara suke jere rumfa bayan rumfa. Wanda ya zauna a rumfar mai wayarin ya ga an buɗe damin wayoyin tsohuwar mota, zai ga tarihin duk hannun da ya taɓa ta: nan baƙin salatif ya zama kamar kwalta yana manne wa yatsa, can an ɗaure da farin salatif na liƙe kwali, wani wurin ma leda ce aka ƙulla.

Mutane da yawa suna raina wutar mota, suna cewa ai bolt 12 ce kawai, ko ta taɓa mutum ba ta jansa. Gaskiya ne ba ta ja. Amma batirin da zai iya murza inji ya tashe shi, in wayarsa tsirara ta taɓa ƙarfen jikin mota, zai tura wuta mai yawan gaske cikin ƙiftawar ido, wayar ta yi ja kamar garwashi, robar da ke jikinta ta kama. Manyan motocin da ke sauko da shanu da albasa kuwa bolt 24 suke aiki da ita. Aikin fiyus ke nan, ya tsinke kafin waya ta ƙone. Sai dai mu mun saba in fiyus ya ƙone a cusa silin waya a gurbinsa, kuma ƙarin hon da fitilun hazo da rediyo mai manyan lasifikoki galibi kai tsaye ake jawo musu wuta daga batir, ba fiyus a tsakani. In haka ne, babu abin da ya raba motar da gobara sai wannan ɗan salatif.

Shi salatif na roba, kamfanin 3M na Amurka ne ya fito da shi a 1946, ana yinsa da robar da ake kira PVC. Aikinsa ya rufe waya tsirara kada wuta ta tsallaka. Amma ba duka suka zama ɗaya ba. Na gama-gari, irin wanda ake yi wa wayar gida, ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 80 ko kusa da haka ba. Mai kyau, irin Scotch Super 33+, yana jure har digiri 105. Mai karatu ya tuna ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma injin mota a kusa da hakan yake aiki kullum, balle a watan Maris ko Afrilu a Abuja, ko cikin cunkoson Apapa inda mota ke tsaye iska ba ta shiga. Na araha da ba suna a jikinsa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

In ka buɗe motar da ba a taɓa taɓa wayoyinta ba, za ka ga masu ƙera ta ba su dogara da salatif na roba ba a ko'ina. A cikin ɗakin inji, na yadi suka naɗa, mai santsi da tauri, wanda kamfanonin Jamus irin su tesa da Coroplast suke yi, akwai mai jure digiri 150, kuma ba ya saurin cinyewa in yana gogar ƙarfe. A bayan dashbod da cikin ƙofofi kuma wani ne mai laushi kamar bargo, don kada wayoyi su riƙa kaɗawa suna ƙara a kan gargada. A nan ne wasu ke kuskure. Na yadi don ɗaure dami ne da kare shi, ba don rufe jan ƙarfe tsirara ba, gama yadi yana shan ruwa da mai. Sai an rufe mahaɗar tukuna sa'an nan a bi da shi.

Ni a ganina ma, mahaɗar waya ba ta salatif ba ce tun farko. Murɗa waya biyu da yatsa a naɗe, shi ne asalin yawancin wahalar. Girgiza tana sassauta murɗin, wurin da ya yi sako-sako kuwa yakan yi zafi, zafin ya saki gam. Abin da ya dace a liƙe da dalma, ko a matse da ɗan bututun ƙarfe na haɗa waya, sa'an nan a zura robar nan mai tsukewa, wadda in ta ji zafi takan koma rabin faɗinta ta kama waya gam. Akwai irinta mai gam a ciki, wadda ke toshe ruwa. Ku da ke Ikko da Fatakwal da Warri, inda mota ke iyo cikin ruwa da damina, ita ce taku. In aka warware tsohon naɗi aka ga jan ƙarfen ya yi kore, ruwa ne ya shiga ya kwana.

Zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai wayarin kan bi wayoyin mota kaf da 'yar fitilar gwaji. Motocin tokumbo na yanzu kwamfuta ke sarrafa su. Akwai wayoyi biyu da aka tufke tare masu kai saƙo tsakanin sassan mota, in aka warware tufkar ko aka yi musu mummunan haɗi sai fitilun gargaɗi su yi ta kamawa ba dalili. Masu rigar rawaya na jakar iskar da ke kare direba ne, ba a yi musu faci. Masu kauri launin lemo a motar da ke haɗa fetur da lantarki kuwa, waɗannan kisa suke yi, a bar wa wanda ya koya. Ga kuma masu mayar da mota kan gas tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Wannan aiki yana ƙara sababbin wayoyi a ɗakin inji, ya kamata mai mota ya tsaya ya ga da me aka rufe su, kuma ta ina aka bi da su, kada su kwanta kusa da bakin salansa, inda babu salatif da zai rayu.

Wajen saye, ko a Ladipo ne ko a Apo, jabu ya yi yawa, suna a jikin leda bai isa shaida ba. Ka ja ɗan guntu. Mai kyau yana miƙewa ya nemi komawa, ba ya yin fari ko ya tsinke nan take, gam ɗinsa kuma ba ya zama a yatsa. Ka kusanta masa ashana, in ka janye wutar ya kamata ya mutu da kansa. Wanda ya ci gaba da ci yana ɗiga, bar musu kayansu.

Naɗin ma da ƙa'idarsa. A fara cire kan batir na ƙasa, a goge mai da ƙura daga jikin waya. A riƙa jan salatif kaɗan, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a wuce mahaɗar ta kowane gefe. Zagayen ƙarshe ba a ja, a kwantar da shi a hankali, a yanke da reza maimakon fizga, don bakin da aka fizga shi ne ke fara ɗagowa. Inda dami ya ratsa ƙarfe, a tabbata zoben roba yana nan a ramin. Mai shirin tafiya ya kai motarsa mako guda kafin ranar, ya sayi nasa salatif ya miƙa wa mai wayarin, ya ajiye ragowar tare da fiyus biyu ko uku cikin aljihun mota.